Hospot a Cikin Ganyen Goro

A ƙauyenmu na gefen Salaga sabis kamar tsuntsu yake, yana sauka inda ya ga dama, ka matsa ya tashi. In za mu kira yayata da ke aure a Bawku sai mun hau tudun bayan makaranta, muryarta na zuwa gutsure-gutsure.

Da cikinta ya tsufa, kawuna mai fataucin doya ya sayo mana hospot a Yendi, 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka ba. Ita ke kamo sabis ta raba wa wayoyinmu. Na zaga gida da ita har na gano inda take so, can saman rumbun doya. Muka ɗaure ta a kan doguwar gora. Da rana nakan ɗaga kai in gan ta tana lilo, in ji kamar gidanmu ya yi kunne.

Yaya ta haifi mace. Kaka ba ta iya doguwar tafiya saboda gwiwa, kuma wannan ce tattaɓa-kunnenta ta fari. Burinta ɗaya, ta ji raɗin suna da kunnenta, ba a ba ta labari ba. Na yi mata alkawarin za ta ji, har ta gani.

Ranar suna da safe ta ci ado, ta zauna a tabarma. Na duba wayata, babu komai. Na ɗaga kai, gora tsirara.

"Kaka, ina hospot?"

"Na adana miki. Jiya na sa aka sauke, na taɓa na ji zafi rau. Ku yaran yanzu ba ku san darajar kaya ba."

Kaka jikar fataken goro ce, a wurinta abu mai daraja ba ya wuni a rana. Ta naɗe na'urar da ganyen goro, ta yayyafa wa ganyen ruwa kaɗan, ta sa a langa ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado.

"Kaka, ai ba goro ba ce! Iska take ci."

"To, mai cin iska, ɗauko ta mana. Kin tsaya kina mini wa'azi."

Na kwance ganyen. Ruwan bai shige ta ba, sai ƙamshin goro da take yi. Na ɗaura ta a gora, Kawu ya ɗaga, muka zuba wa waya ido. Layin sabis ɗaya ya fito, ya ɓace, ya dawo da ɗan'uwansa.

Na kira Yaya ta bidiyo, sai ga tsakar gidan Bawku, maza a jere, liman ya riga ya ɗaga hannu. Kaka ta karɓe wayar ta manna a kunne, hoton ma ba ta kalla ba. Muka ga fuskarta ta tsaya cik, sannan ta saki guɗar da ta tarwatsa kaji.

Sunan Kaka aka sa wa jaririyar.

Da aka nuno jaririyar, Kaka ta juya wayar, ta ƙura wa 'yar fuskar ido. "Takwara," in ji ta, "kin ga yadda suka so su hana mu gaisawa? Ki yi sauri ki girma, ni da ke ne a gidan nan."