Turke na biyar

Ban tabbata ya dace in rubuta wannan ba, don ya shafi ɗiyata ta fari, wadda ko sunanta ba na kamawa a gaban mutane. Amma abin ya daɗe yana yi mini yawo a rai, musamman da la'asar idan awaki suka dawo daga kiwo.

Lokacin tana da shekara huɗu da ɗan wani abu. Muna zaune a Dakoro, gidan uwar mijina, wadda dukanmu muke kira Inna. Na gama jami'a a Yamai, na dawo ina jiran aikin da bai zo ba. Maigidana yana koyarwa a wani ƙauye wajen Korahane, sai ƙarshen mako yake shigowa. Akwai kuma ƙanensa, tela ne a kasuwa. Mu biyar ke nan a gidan, ko da yake har yanzu sai na ɗan yi jim kafin in rubuta adadin.

Yarinyar ta Inna ce, kamar yadda aka saba da ƴar fari. A ɗakin Inna take kwana, a kwanon Inna take ci, ni kuwa Yaya take ce mini. Abu ɗaya na ware na ce nawa ne: in koya mata ƙirga kafin a sa ta lekol, wato makarantar boko. Jardan, ajin rainon ƙananan yara, ya yi mana nisa, kuma na taɓa karantawa, ko dai a aji aka faɗa mana, ban riƙe ba, cewa yaro ya fi kama lissafi da abin da hannunsa ke taɓawa.

Saboda haka muka yi da abin da ke tsakar gida. In na dama hura, ita ke kawo ludayi, ɗaya ga kowa. In ina tsintar wake, sai in ba ta faifai ta ware ja gefe, fari gefe, ta gaya mini wanne ya fi yawa. Takalman ƙofar ɗaki ta haɗa su biyu-biyu. Goruba ta jera ta daga babba zuwa ƙarama, sannan ta gwaguye ƙaramar a matsayin ladanta. Da fari takan tsallake uku, daga biyu ta faɗa huɗu, Inna tana dariya tana cewa a bar shi, uku ya tafi rijiya.

Inna asalinsu makiyaya ne daga arewa, fari ne ya koro iyayenta suka zauna nan. Tana da awaki a bayan ɗaki, kowace da turkenta. Ban taɓa jin ta faɗi yawansu ba. In baƙo ya tambaya sai ta ce suna nan yadda Allah ya bar su. Da yamma in ta gama ɗaure su takan bi turakun da ido, in babu wanda ya zauna wofi ta koma ɗaki. Ta taɓa gaya mini cewa abin da ke da rai ba a ƙirga shi, in ya zama dole sai a ƙirga turkensa. Na ce to, Inna, irin to ɗin da suruka ke cewa.

Wata Asabar da hantsi, farkon bazara, duk muna zaune a inuwar bishiyar bedi. Yarinyar ta miƙe da yatsa a sama. Ta nuna babanta ta ce ɗaya, ƙanen babanta biyu, ni uku, ta dafa ƙirjinta ta ce huɗu, sannan ta juya ta nuna Inna ta ce biyar. Ranar ce ta fara kaiwa biyar ba tare da tsallake ba. Na tafa mata.

Inna ta kama yatsan ta lanƙwashe shi a hankali.

"Ke ƙawata, ni kika sa a wutsiya? Duk hurar da nake ba ki?"

"Ke ce biyar."

"To na ji. Amma ba a ƙirga mutane. Mai ƙirgarsu yana nan, kuma in ya zo ba ya sallama."

Ta yi addu'a Allah ya ƙara, ya sa albarka, ta shafa mata kai. Maigidana ya ce Inna ta daina tsorata masa ɗalibai tun ba su shiga aji ba. Aka yi dariya, har da ita Innar.

Inna ta rasu kafin ruwan farko ya sauka. Ciwon ƙirji ne da ta daɗe tana fama da shi, mun sha kai ta likita tun ba a haifi yarinyar ba. Wannan kowa ya sani, ni ma na sani. Ina maimaitawa ne kawai don in ji da kunnena.

Da ƴan zaman makoki suka watse, aka ja ƙyauren ɗakin Inna, yarinyar ta dawo kwana wurina. Na ga kamar in muka koma wasanninmu za ta ɗan saki jiki. Ta yarda, ba ta yi gardama ba. Sai dai in ta ce ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ta yi shiru. In na jera mata tsakuwa biyar, in ɗan juya in duba tukunya, sai in tarar da huɗu. Na ɗauka mantuwa ce. An ce yara sukan koma baya idan suka yi rashi, kuma wataƙila haka ne.

Daga nan abubuwa suka fara ɓacewa. Ludayi ɗaya. Ƙwaryar zaren tela. Takalmin babanta ƙafa guda, ya koma ƙauye da silifa yana mita. Ban haɗa waɗannan da juna ba.

Wata rana da azahar, gidan ba kowa sai ni, na ji wani siririn kuka yana fitowa daga ɗakin Inna. Na daɗe tsaye a ƙofar. Na yi karatun da ya isa in san abin da ba zai yiwu ba, duk da haka sai da na karanta abin da na iya kafin na tura ƙyauren. Ɗakin yana nan da ƙamshin man shanu da turarenta. Kukan daga ƙarƙashin gado yake. Na durƙusa na ɗaga wata ƙwarya da aka kife, sai ga ɗan tsako, ya galabaita da ƙishi amma da ransa. Kazarmu ta yi ƙyanƙyasa a makon. A bayansa ga ludayin, ga zaren, ga takalmin, ga tsakuwa da goruba da ƙwayoyin wake an tara su a jikin bango.

Da yarinyar ta shigo daga maƙwabta na zaunar da ita a kan cinyata, abin da ban saba yi ba.

"Me ya sa kika kawo su nan?"

"Na biyar ne."

"To, na biyar fa?"

"In ya zo kada ya gan su."

Ban tambaye ta wane ne ba. Ta yi wasa da bakin zanena na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Yaya, da ban ce biyar ba fa?"

Na gaya mata ajali na Allah ne, Inna ba ta da lafiya tun kafin a haife ta, baki ba ya kashe mutum. Ta gyaɗa kai irin na yaron da yake so a ƙyale shi. Babanta ya zo ya faɗa mata haka, ya kawo mata alewa. Ta ɗauki huɗu ta bar masa saura. Ƙanensa ya ce a bar ta, in ta shiga lekol mushe, wato malamin aji, zai warware mata baki. Ni ba mushe ne ya dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yarinya ƙarama tana yawo a tsakar gida da yaƙinin ita ta nuna kakarta aka ɗauka.

Ban san ko dabarar da na yi mai kyau ce ba. Wani zai iya cewa na ƙara mata camfi ne maimakon in cire. Amma maganata ba ta shiga ba, ta babanta ba ta shiga ba, sai na ga saura ta Inna. Da la'asar, kafin awaki su dawo, na kai ta bayan ɗaki. Na ce Inna ta taɓa gaya mini yadda ake yi: ba a ƙirga akuya, turke ake ƙirgawa. Ta dube ni sosai ta tambaya ko da gaske Inna ce ta faɗa. Na ce ita ce. Ta tambaya ko itace ba ya mutuwa. Na ce wannan ya riga ya bushe, babu abin da za a ɗauka a jikinsa.

Ta taɓa na farko, na biyu, na uku, na huɗu, sannan ta mai da hannuwanta baya. Ni na dafa na gaba na ce biyar. Muryata ta fito ƙarama, ban san dalili ba.

"A nan ake ɗaure jar akuya," in ji ta.

Na manta da wannan sam. Na ce ba ita muka ƙirga ba.

Washegari bayan na yi sallar asuba na zagaya bayan ɗaki, wai zan duba ko suna da ruwa. Jar akuya tana kwance tana tuƙa. Na juya, sai ga yarinyar tsaye a bayana ba takalmi. Ba ta tambaye ni me na zo yi ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Haka muka yi ta yi har damina ta yi nisa. Kowace yamma ni ke faɗin biyar, kowace safiya mu haɗu a wurin turke. A lokacin ana ta ciwon dabbobi a unguwa, maƙwabta sun yi asara. Na riƙa ware wa jar akuya dusa da harawa fiye da saura, in ta yi atishawa sai in je in duba ta. Da ta mutu a wannan daminar ban san abin da zan gaya wa yarinyar ba. Ban ma san abin da zan gaya wa kaina ba.

Ba ta mutu ba. Wata yamma, ana gab da yankan gero, yarinyar ta kai na huɗu, na ɗaga hannu zan dafa, sai ta riga ni. Ta ce biyar da sauri kamar mai taɓa garwashi, ta tsaya tana saurare. Babu abin da ya motsa sai kaza. Ta wuce ta ce shida, ta ce bakwai. A ranar, da kanta ta shiga ɗakin Inna ta ɗauko ludayin ta mai da shi cikin ƴan'uwansa. Tsakuwoyin ta bar su, ni ma ban share ba.

Yanzu tana lekol, kuma an ce lissafi ne ta fi iyawa. Kwanan baya madam ɗinsu ta aji ta tare ni a hanya tana dariya, ta ce in aka ce ɗiyata ta ƙirga ƴan layinsu, sai ta sunkuya ta ƙirga takalmansu ta raba biyu. Na yi dariyar ni ma, na ce yarinta ce.

Jar akuya ta tsufa, ta daina haihuwa, haƙoranta sun zube. Maigidana ya sha cewa a kai ta kasuwa tun tana da sauran nama. Kullum nakan ce masa gaskiyarsa ne, amma a bari dai mu ga bayan damina.