Kunyar da Ta Ci Idon Ƙanena

A shekarar da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, ni matar aure ce mai ɗiya biyu, ina sayar da busasshen kifi a kasuwar Illo, ga ni da saurin fushi. Ƙanena yana hannuna tun rasuwar innarmu. Namiji ne har da gemu, mai doguwar fuska da manyan kunnuwa, amma tun yana yaro bai taɓa kallon mutum cikin ido ba. In ka gaishe shi sai ya miƙo hannu ya kau da kai gefe. Duk unguwa ana yabonsa, wai ba a taɓa ganin mai kunya irinsa ba, mu ma muka hau kai muka zauna. In hayaniya ta yi yawa yakan ciji bayan hannunsa, har wurin ya yi kanta. Muka ce halinsa ne kawai.

Wata ranar kasuwa ana murnar sabuwar jiha, ya ce mini ba ya son zuwa. Ya yi ta maimaitawa har ya ishe ni, na daka masa tsawa na ɗora masa kwandon kifi. Kasuwa ta cika maƙil, har mutanen tsallaken Benin sun zo. Ana cikin kiɗa wani ya harba bindigar gargajiya. Kafin in waiwaya ƙanena ya yar da kwandon ya ruga, ya faɗa rumfar wani baƙo mai sayar da atamfa ya ƙudundune cikin kaya. Mai rumfa ya kwarma ihun ɓarawo.

Na bi shi da gudu. Na iske mutane sun jawo shi waje. Wani ƙato ya damƙi haɓarsa, ya ce in yana da gaskiya ya dube shi ido cikin ido. Ƙanena ya murɗe wuya ya runtse ido yana cizon hannu. Suka ce shi ke nan, ga shaida. Sai duka ta ko'ina, da itace, da duwatsu, har da sarƙar keke. Ina kururuwa da Hausa da Dandanci cewa ƙanena ne, bai san sata ba, ba wanda ya saurare ni. Na faɗa kansa, aka karya mini hannu. Wata 'yar kudu mai shagon magani, wadda yakan ɗebo wa ruwa, ita ta ratsa taron tana rantsuwa ta san shi, sannan suka watse kamar ba su ba. Lokacin idonsa na hagu ya riga ya tsiyaye. Bai ƙara taka kasuwa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Sai da ɗan ɗiyata ya taso da irin wannan kau da kai muka kai shi asibiti. Likita ya ce lalura ce ta gado da ake kira fragile X, ta wajen uwa take zuwa wa ɗiya maza, kuma kallon ido da cunkoso tsoro suke jefa musu. Na yi kuka a gabansa kamar yarinya. Ashe tsoro ne muke ta yabo shekara da shekaru.

Jama'a, ku ji tsoron Allah, kada ku yanke wa mutum hukunci don ya kasa kallonku. Iyaye kuma, in yaro ya ce ba ya son shiga taro, ku saurare shi, ku kai shi a duba. Ni dai yanzu duk wanda ya yaba mini kunyar jikana, sai in jawo yaron in riƙe hannunsa.