Jan Gashin Akun Baba

A shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da surukina, aka wuce da shi asibiti a Kano, akunsa ya soma fige gashin jikinsa. Saura ƙiris aurena ya mutu a kan tsuntsun nan.

Lokacin ina sabuwar amarya a gidan iyayen mijina da ke Yalwawa. Daga Taura aka kawo ni, ina koyarwa a wata firamare a cikin Dutse. Surukina, wanda kowa ke kira Baba, ya yi ritaya, zamansa duk a zaure yake, shi da rediyonsa da abokan hirarsa da akunsa. Kejin yana rataye kusa da ƙofa, inda tsuntsun ke ganin duk mai wucewa yana yi masa sallama. Abin da Baba ya ci shi ma ya ci: gwanda, dabino, ɗanyar masara, har dafaffen ƙwai. Ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya yayyafa masa ruwa da buta, tsuntsun yana buɗe fukafukai yana ihu.

Da aka tafi da Baba, sai aka rufe zauren. Yayan mijina da ke Kano shi ke jinya, surukata Hajiya kuma ciwon gwiwa ya hana ta zarya. Akun ya wuni yana sallama da muryar Baba, har da ɗan tarin da yake yi. Hajiya ta kasa jurewa, ta sa aka kai kejin ɗakin ajiya da ke jikin madafa, inda babu haske sai na wata 'yar taga, ga hayaƙi, ga zafin bazara. Aka cika masa gwangwani da soyayyar gyaɗa, tunda kowa ya san aku gyaɗa yake ci. Ni ma ban ga laifin hakan ba.

Ni ke sharar ɗakin. Na fara ganin gashi a ƙarƙashin kejin, toka-toka, sai in haɗa da shara in zubar. Daga baya jajayen na bindinsa suka fara faɗowa. Kyansu ya sa na ƙi zubarwa, na riƙa tsincewa ina sakawa a jakar makaranta, don ina da darasin tsuntsaye da 'yan ajina, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin aku ba.

A kwanakin ne ƙanwar Baba, Goggo, ta zo daga Aujara don ta taya Hajiya zama. Mace ce mai ido, ba abin da ke wuce ta. Wata rana ta tambaye ni reza za ta yanke farce, ina tsakiyar tuƙa tuwo, na ce mata ta duba aljihun jakata. Da bakina na faɗa! Sai ga ta ta fito tsakar gida, hannunta a buɗe, jajayen gashin nan a tafinta.

"Ke 'yar Taura," ta ce, "mene ne wannan?"

Na ce gashin aku ne, yara zan kai wa.

"Yara? Waɗanne yara ne ke karatu da jan gashin aku? Hajiya, fito ki gani!"

A take na gane inda ta dosa. A wajenmu an daɗe ana cewa masu tsubbu suna neman jan gashin aku, wai da shi ake haɗa layar mallakar miji. Ni ban taɓa ɗaukar zancen da muhimmanci ba, amma Goggo ta ɗauka. Ta shiga ɗakin ajiya ta fito da kejin, sai ga ƙirjin tsuntsun tsirara, fata ja-ja-ja, bindin ya kusa ƙarewa. Ta ce dama tun zuwanta ta lura ɗan yayanta, wato mijina, ba ya iya musa mini magana. Ta ce a lissafa a gani, ba bayan shigowata gidan ba ne Baba ya faɗi?

Na saki muciya. Na ce, "Goggo, ki ji tsoron Allah! Ni da na yi saukar Alƙur'ani a gidanmu zan je wajen boka?" Muryata ta fi ƙarfin yadda ya kamata, ni dama ba ni da sanyin baki. Na juya wajen Hajiya ina jiran ta ce wani abu. Ta dubi tsuntsun, ta dubi gashin, ta koma ɗaki.

Da yamma na kai mata tuwo kamar kullum. Kwanon ya dawo yadda na kai shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Washegari ma haka. Daga nan Goggo ta kafa nata murhun a wancan gefen tsakar gida, ta ce ita za ta riƙa yi wa Hajiya girki, kuma kada in ƙara kusantar ɗakin ajiya. Duk macen da ta yi zaman gidan miji ta san abin da hakan ke nufi. Idan uwar miji ta daina cin abincinki, kwanakinki a gidan ƙirgaggu ne.

Maigidana ya dawo daga aiki na zayyana masa komai. Ya ce in yi haƙuri, tsofaffi ne, zancen zai wuce. Na zuba masa abinci. Ya ci, ban ce bai ci ba, amma na ga yadda ya daɗe yana bisimilla kafin ya kai loma. Wallahi wannan ya fi maganar Goggo ƙona mini rai.

Na rasa barci, na rasa sukuni. A makaranta sai in tsaya da alli a hannu na manta abin da zan rubuta. Tambaya ɗaya ke cina: in ba ni ba ce, to wane ne? Ba kyanwa a gidan, ɓera kuma ba ya shiga kejin. Wata safiya kafin in fita, na zagaya ta bayan madafa, na jingina wayata a 'yar tagar ɗakin ajiya, na kunna ɗaukar bidiyo, na tafi gabana yana faɗuwa kada Goggo ta tsince ta.

Da na dawo na duba, sai da na zauna. Tsuntsun yana tsaye shiru na tsawon lokaci, sannan ya fara kai-komo a kan sandarsa. Can sai ya sunkuyar da kai, ya kama gashin ƙirjinsa da baki, ya fizge, ya yi 'yar ƙara, ya tauna gashin ya yar. Ya sake kama wani. Shi yake yi wa kansa.

Da gudu na kai wa Hajiya wayar, ina cewa Allah ya wanke ni. Goggo ta karɓa ta kalla har ƙarshe, sannan ta taɓe baki.

"To ai ga shi nan," ta ce. "Wace halitta ce za ta fige kanta da hankalinta? Aiki aka yi masa. Yanzu ba sai kin sa hannu ba, shi yake cire miki."

Kai jama'a! Na ji kamar in yi ihu unguwa ta taru. Hajiya ta miƙo mini wayar ba tare da ta dube ni ba.

A ranar na tsare maigidana, na ce ko ya kai tsuntsun nan wajen likitan dabbobi, ko ya kai ni Taura, ya zaɓa. Ran Asabar ya ɗaura kejin a bayan mota muka tafi. Likitar mace ce, ta naɗe akun da tawul ta duba fatarsa, ta ce babu ƙwarƙwata, babu alamar ciwon fata. Ta tambayi abin da yake ci da inda yake kwana. Da muka faɗa mata sai ta riƙe baki. Ta ce aku tsuntsun jama'a ne, an raba shi da mai shi, an kulle shi a duhu da hayaƙi, an bar shi da gyaɗa mai gishiri zalla, dole ya huce a kan jikinsa. Ta ce a rage gyaɗar sosai, a ba shi gwanda da gwaba da karas da ganyen zogale da jiƙaƙƙen gero. A riƙa fesa masa ruwa, a ba shi ɗanyen reshe ya tattauna, a ajiye shi inda yake ganin mutane da hasken safiya, kuma kada a kunna maganin sauro kusa da shi. Ta gargaɗe mu cewa abin yana ɗaukar lokaci, kuma wasu ba sa dainawa.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai har muka iso gida.

Hajiya ta ce a yi masa abin da likita ta ce. Amma wa zai yi? Goggo tsoron bakinsa take ji, maigidana kuma yana wajen aiki. Haka aikin ya dawo kaina. Na rataye kejin a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, Goggo ta jawo tabarmarta kusa, duk abin da zan ba shi sai ta karɓa ta sansana.

Ja'irin tsuntsun kuma bai taimake ni ba ko kaɗan. In na sa masa gwanda sai ya ɗauka ya wurgo mini. Karas ko kallo bai ishe shi ba. Ranar da na fara fesa masa ruwa ya cafke mini ɗan yatsa har jini ya fito, Goggo ta ce ai ya san maƙiyinsa. Na ɗaure yatsan na ci gaba. In na dawo makaranta sai in zauna kusa da kejin ina duba aikin yara da ƙarfi don ya ji murya, na kuma ɗauko rediyon Baba na kunna masa. Na lura in na ci abu a gabansa yana leƙowa, sai na riƙa gutsurar gwaba ina lumshe ido kamar na samu nama, har ya yarda ya karɓa daga hannuna.

Duk da haka figar ba ta tsaya nan da nan ba. Wata safiya na tarar da jini a ƙirjinsa, ya yi laƙwas a ƙasan keji, ya ƙi cin komai. Na san in tsuntsun nan ya mutu a hannuna, ba mai wanke ni har abada, za a ce na gama da shi ne don in ɓatar da shaida. Ban je makaranta ba. Na buga wa likitar waya ta faɗa mini yadda zan wanke wurin, na wuni a gindin kejin ina roƙon Allah a kan aku yadda ban taɓa roƙo a kan kaina ba. Sai wajen la'asar ya hau sandarsa ya ɗauki guntun dabino.

Ana gab da faɗuwar damina na ga wasu 'yan tsinkaye suna fitowa a ƙirjinsa kamar tsiron gero. Ban gaya wa kowa ba, na ji tsoron ya fizge su. Bai fizge ba, ya koma kan reshen gwabar da na sa masa yana ɓare shi. Sannu a hankali ƙirjin ya rufe, ja ya fara leƙowa a bindi. Ranar nan na kira su duka, har da maigidana, na ce su zo su gani.

Goggo ta zagaya kejin ta duba da kyau. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Kun ga dai a hannun wa ya warke. Da ta ga asirinta ya tonu ai sai ta warware abinta."

Na dubi maigidana, ya sunkuyar da kai. Na dubi Hajiya, tana jan carbi. Ban yi ihu ba wannan karon. Na shiga ɗaki na jawo akwatina na fara zuba kaya, hawaye yana zuba, raina yana tafasa. Na yi iya abin da zan iya, kuma na gaji.

Ina cikin haka na ji an ɗaga labule. Hajiya ce, wadda tun da aka kawo ni ba ta taɓa taka ɗakina ba saboda kara. Ta dafa bango ta zauna a ƙasa da ƙyar, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo.

"Amarya," ta ce, "ajiye kayan nan."

Na ce, "Hajiya, ki bar ni in tafi da sauran mutuncina."

Ta ce, "Na san akun ne yake yi wa kansa. Tun kafin Goggonku ta zo na gan shi. Na shiga ɗibar dawa da rana, na same shi yana fizga."

Zanin da ke hannuna ya faɗi. Na ce, "Kin sani? Hajiya, kin sani kika bar ni a wannan hali?"

"Tun muna yara nake jin ana cewa dabba tana riga mutane sanin mutuwar mai ita," ta ce. "Da na gan shi yana yi wa kansa haka, sai na ce shi ke nan, Alhaji ba zai dawo ba. Na kasa faɗa wa kowa. Da aka ce ke ce, sai na ji sanyi a raina, Allah ya yafe mini. Na gwammace a ce hannun mutum ne." Ta share ido da gefen mayafi. "Ɗazu aka bugo daga Kano. An ce ya tashi zaune da kansa, har ya tambayi tsuntsunsa."

Na so in faɗa mata maganganu da yawa, kuma duk suna bakina. Na ji haushinta har cikin ƙashina, na kuma ji tausayinta, na rasa wanda zan bi. Akwatin yana nan buɗe a tsakaninmu.

Can ta ce, "Me kika dafa yau?"

Na ce dambu.

"Zubo mini. A tsakar gida zan ci."

Na fita na zuba, na kai mata kan tabarmar da Goggo ke zaune. Hajiya ta wanke hannu ta ci, Goggo tana kallo, maigidana yana kallo. Ba ta roƙe ni gafara ba, ni ma ban ce na yafe ba. Da ta cinye ta turo mini kwanon ta ce in ƙaro.