Haikalin da Aka Yi wa Ƙaura

Shekarar da muka tashi daga unguwar Hindawiyya a Jidda muka koma Khumra, can bayan gari, Umma ta rage magana. A gidan da muka baro aka haife ta, a nan kuma ta haife mu. Da aka rushe unguwar, maƙwabta suka watse, kowa ya nufi inda ya samu haya. A Khumra ba ta san kowa ba, ba abin da take gani ta taga sai manyan motoci da sito-sito. A ɗaya daga cikin sito-siton nake aiki. In fita da safe in bar ta zaune, in dawo in same ta inda na bar ta.

Wani abokin aikina ɗan Masar ne ya ce in kai ta ta sha iskar kogin Nilu. Na sabunta mata iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, na nemo biza, muka tashi zuwa Luksor, muka shiga jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da ke zuwa har Aswan. Tafiyar ta yi mata daɗi, amma duk inda jirgin ya tsaya aka ce a sauka a ga haikali, sai ta ce in je ni kaɗai, ita ba ta ga abin da zai kai musulma gidan Fir'auna ba. Nakan dawo da hotuna a waya, ta duba biyu ko uku ta miƙo mini.

A Aswan ne ta yarda ta sauka, shi ma don ta ji an ce sai an shiga kwalekwale mai inji kafin a kai tsibirin da haikalin yake. Mai kwalekwalen wani dattijo ne baƙi, ɗan Nuba. Da ya ga Umma ya ɗauka tasu ce, ya gaishe ta da yarensu. Ta amsa masa da Larabcin Jidda, ya yi dariya, ya gyara mata wurin zama a inuwa.

Haikalin yana da dogayen ginshiƙai, bangonsa cike da zanen mutane da tsuntsaye. An sassaƙe fuskokin wasu tun da daɗewa. Umma na biye da ni a hankali, ba ta ko ɗaga kai. Sai mai yi mana jagora ya ce ba nan ne asalin mazaunin ginin ba. Da aka datse kogin ruwa ya cinye tsohon tsibirin, shi ne aka kwance haikalin dutse-dutse, aka sa wa kowane dutse lamba, aka kawo nan aka sake ɗora shi yadda yake.

Umma ta tsaya, ta ce in sa ya maimaita. Ya maimaita. Ta matsa jikin bangon ta ɗora tafin hannunta, tana bin gaɓar duwatsun da yatsa.

"Mutanen wurin fa?" ta tambaye shi.

Ya ce an ba su gidaje a wani wuri, ya ce yalla, mu tafi, don sauran ayarinmu sun yi gaba.

Da muke komawa ta yi wa mai kwalekwalen tambayar. Ya rage ƙarar inji, ya nuna kudu da haɓarsa, ya ce ƙauyensu na can ƙarƙashin ruwa. Yana ƙarami aka kwashe su zuwa wasu gidaje nesa da kogi. Abin da ya fi tunawa shi ne mahaifiyarsa ta share tsakar gida ranar tashin, ta kulle ƙofa, alhali ta san ruwa na tafe.

"Ni ma na kulle," in ji Umma.

Ban taɓa sanin haka ba. Ranar ina waje ina fama da masu ɗaukar kaya. Ta gaya masa sau ɗaya ta sa ɗan tasi ya kai ta tsohuwar unguwarmu, ta tarar da fili fetal, ta kasa gane ko da layinmu. Ya ce shi ma da za a kai shi tsakiyar tafkin da ya cinye ƙauyen ba zai iya nuna gidansu ba. Muka iso gaɓa. Da za mu sauka ya kira ta 'yar'uwa, ta yi masa addu'a mai tsawo.

Da muka koma jirgi ta ce in samo biro da takarda. Ta fara daga masallacin tsohuwar unguwarmu, tana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya har zuwa gidan burodi, ina rubutawa. Inda na yi mata gardama a kan wane gida ke bin wane, ita ce ke da gaskiya.

Bayan mun dawo Jidda na shiga neman mutanen gidajen da na rubuta. Wasu na unguwar Ammariyya, wata tsohuwa 'ya'yanta sun mayar da ita Kano, biyu sun rasu ba mu ji ba. Akwai gida huɗu da har yau ban samu labarinsu ba. Ran Juma'a bayan la'asar nakan ɗauke ta mu je wajen waɗanda muka samu, ni in zauna a mota in jira.