Injin Huda na Baba Direba

Shekara ashirin da tara Baba Direba ya yi yana jan motar ma'aikatan wani kamfani. Da ya yi ritaya, sai ya kafa tebur a lungun baranda ya kama ƙera kejin tsuntsaye. Ba ya sayarwa, rabawa yake yi, har da waɗanda ko kaza ba su da ita. Kowane keji yana cin huda ɗari da wani abu a jikin siraran katako, kuma dukansu da abin huda na hannu yake murza su.

Sai wuyan hannunsa na dama ya ƙi. 'Yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, ta dube shi ta ce, "Baba, murzar nan ta isa. Ranar Asabar zan zo da mota a kwashe teburin."

Hankalinsa ya tashi, don teburin nan shi ne dalilin da yake sa riga da safe. Amma mutumin akwai taurin kai. Ya farke matacciyar fankar caji, ya ciro ɗan injinta, ya cusa shi cikin guntun bututun roba. Ya sayo bakin huda da mariƙinsa a kasuwa, ya ɗaura makunnin tsohuwar fitila, ya haɗa wayoyi biyu da batir. Da ya danna, abin ya ɗauki kuka gwanin daɗi.

Huda ce dai babu. Bakin ya yi ta zamewa a kan katako, sai baƙin tabo da warin ƙuna. Ya sake baki, ya sake batir. Kwana uku yana dannawa da iyakar ƙarfinsa, har hannun ya kumbura. Ran Juma'a ya fara zuba kusoshi a kwali.

"Yarinyar nan ta yi gaskiya," ya ce wa matarsa. "Ƙarfin ne ya ƙare."

Ita matar tasa tela ce, kuma ba ta taɓa sa baki a harkar teburin ba, in ban da mitar garin katako. Ta ajiye almakashi, ta tsinko farin zare, ta ɗaura a bakin injin.

"Danna kaɗan, Malam."

Ya danna. Ta duƙa tana kallon yadda zaren ke naɗuwa.

"Abin nan baya yake juyawa. Kwancewa yake yi, ba shiga ba. Kai da ka tsufa a kan sitiyari, kwana uku kana ba da wuta a ribas?"

Kunya ta kama shi. Ya musanya wayoyin nan biyu, ya ɗora bakin a kan katako. Kafin ya danna da ƙarfi har bakin ya fasa katakon, ya shiga teburin. Ya yi ta huda guntun katakon nan har babu sauran wuri, idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce ƙura ce.

Da safe 'yar ta iso da mota, da wata lallausar kujera da ta sayo don a sa a gurbin teburin. Ya miƙa mata katakon ta juya shi, ta kama hannunsa ta duba.

"To kujerar fa, Baba?"

"A sauke ta nan kusa da tebur," ya ce. "Ta mamanki ce. Ni ba zan ƙara haɗa waya ba sai tana zaune kusa da ni."