Barewar Da Na Koya Wa Tsoro

Ni 'yar maharbi ce. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce tsohuwa ce ta ga barewa a ƙasar Larabawa ta ruɗe. Tun ban iya ɗaura zani ba na san sawunta a kan yashi, na san kashinta daban da na akuya. Ban taɓa zama a aji ba, amma a garinmu in na buɗe baki da tatsuniya, har matan aure kan bar tuwo ya kama, su zo su tsaya a bakin ƙofa.

Bayan rasuwar maigidana, babban ɗana ya sa aka kawo ni Riyad. Gadi da tuƙi yake yi wa kafilinsa, wato Balaraben da ke riƙe da takardun zamansa, a wata gona can kudu, bayan unguwar Shifa. Katanga ce doguwa, da dabinai, da ɗakin baƙi, sai 'yan ɗakuna a gefe inda muke zaune da ɗan nawa da matarsa da yara. Ranar da ya ɗauko ni daga filin jirgi, sai da gidaje suka ƙare sannan muka iso. Babu komai kewaye da mu a lokacin sai duwatsu da iska.

A bayan gonar akwai barewa 'yan kaɗan, mai gonar yana ajiye su don kallo. In baƙinsa sun sha gahawa sai su leƙa, su ce masha Allah, su koma. Ni dai tun farkon gani na gaya wa ɗana cewa abin ba zai tsaya a haka ba. A dajinmu kowace dabba Allah ya yi mata mai rage ta: ga kura, ga fari, ga irin su babana. Nan kuwa ba ko ɗaya. Ciyawa a mota ake kawo ta, kore shar, barsim suke ce mata. Ruwa a famfo. To me ya rage musu in ba haihuwa ba? Shekara na zagayowa, garke na ƙaruwa. Suka aske magaryoyin wurin iyakar inda wuyansu ya kai, suka koma kan ƙananan dabinai. Mazan suka yi yawa, kullum ana kafsawa.

Gari shi ma bai zauna ba, ya taso ya tarar da mu. Yau a zuba kwalta, gobe masallaci, jibi kanti. Inda da nake jin kukan iska, sai ga ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ta ko'ina.

A cikin faɗan mazan nan ne ƙaho ya sami wata mai jego a ciki, ta mutu ta bar 'ya. Ɗana ya kawo mini ita a cikin kwali, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, ya ce ba ya jin za ta kwana. Na ce ba shi ke raba kwana ba. Na ɗauki tsohuwar kwalbar shayar da jikata, na sa aka samo madarar akuya. A gindin gadona ta yi wayo. Na sa mata Auta.

Jikokina a nan aka haife su, Larabci ya fi zama a bakinsu. Da la'asar nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki in ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Sai su amsa, ido a kan waya, “Ba'aden, ya jadda,” wato sai an jima, kaka. An jiman ba ta taɓa zuwa ba. Auta ce ke zuwa. Ko da ta girma ta koma cikin 'yan'uwanta, da ta ji waɗannan kalmomi sai ta tsallako, ta kwanta ta ɗora haɓa a gwiwata. Duk tatsuniyar da na gada a wurin kakata ita ta ji ta. In na kai wurin kura sai in yi ƙasa da murya, kunnuwanta su miƙe. Surukata takan yi dariya daga madafa, ta ce, Inna, wannan jikar taki dai ba ta taɓa cewa ba'aden ba.

Wata safiya aka buɗe babbar ƙofa don motar ciyawa. Wata mata ta gifta a waje cikin baƙar abaya, Auta ta hango ta, ta bi ta. A wurinta duk mai lulluɓi ni ce. Garke kuma ya saba bin ta, don ita ce ba ta jin shakkar komai. Kafin a ankara barewa sun cika titi. Mota ta kaɗe ɗaya, ta mutu nan take, saurayin da ke tuƙi ya daki fitilar hanya ya karye a hannu. Sauran suka faɗa gidajen mutane. Ita Auta a tsakar gidan maƙwabciyarmu aka same ta, ta cinye furannin baiwar Allah, ta ture ɗanta ƙarami garin neman abin da ke hannunsa. Matar ta zo har ɗakina, ba ta ɗaga murya ba, ta nuna mini goshin yaron. Na duba. Da ɗana ne aka yi wa haka, da an ji ni har kanti.

Magana ta kai hukuma. Suka zo suka zagaya, suka ce garken ya fi ƙarfin wurin, dole a rage. Aka turo likitan dabbobi, wani dogon mutumin Sudan mai furfura a gemu. Yana cikin dubawa Auta ta zo ta cusa baki a aljihun rigarsa. Ya shafa wuyanta, bai yi dariya ba.

Ɗana ne ke fassara mini. Likitan ya ce za a bar kaɗan, a kewaye su da waya can ƙarshen gona. Masu yawa za a kwashe su zuwa wani daji mai nisa da hukuma ta killace. Amma waɗanda suka saba da hannu, ba za a bar su a nan ba don su ne ke jan saura zuwa titi, ba kuma za a sake su a daji ba don za su nufi duk motar da suka gani. Su sai dai a ba 'yan kasuwa. Ban tambayi abin da ɗan kasuwa ke yi da barewa ba. Na girma a gidan da ake shanya namanta.

Na ce, “Gaya masa ba ta taɓa cutar kowa da gangan ba.”

Likitan ya saurara, ya dube ni, ya amsa a hankali. Ɗana ya sunkuyar da kai.

“Inna, ya ce ya sani. Ya ce ba mugunta ce aibinta ba, rashin tsoro ne.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ba a bakinsa na fara ji ba. Babana yakan ce, kowace dabba da garkuwarta, ta barewa tsoro ne. Likitan ya ƙara da cewa ba a kama barewa cikin zafi, zuciyarta kan buga, saboda haka sai sanyi ya shigo zai dawo ya tantance. Da ya tafi, ɗana ya tsaya yana murza makullin mota, ya ce in yi haƙuri, gonar ba tasa ba ce, ba shi da bakin magana. Na ce wa ya ce ka yi magana? Ban taɓa roƙon kowa ba, ba kuma zan tura ɗana ya yi roƙo a madadina ba.

Tunda tsoro ne ta rasa, ni na hana ta shi, ni kuma zan mayar mata.

Na tara mutanen gidan, na ce daga yau ba mai ba ta ko ɓawon dabino a hannu, duk wanda ta nufo ya kore ta. Na zuba tsakuwa a gwangwani, na fere tsumagiya daga zarben dabino. Ranar farko da na kaɗa mata gwangwanin, wasa ta ɗauka, ta yi tsalle ta dawo. Na zabga mata tsumagiya a hanci. Ta ja baya ta tsaya tana kallona, tana lasar wurin. Sannan ta sake matsowa, kamar mai son jin laifin da ta yi.

Haka muka ci zafin nan duka. Ta koyi gudun gwangwani, ta koyi gudun tsumagiya, amma in ta ga hannuna ba komai sai ta dawo. Na gane cewa muddin akwai murya ɗaya da ta amince da ita, aikin bai yi ba, don likita ma da murya mai daɗi zai zo. Sai na koma shimfiɗa tabarma da la'asar kamar da, in ɓoye tsumagiyar a ƙarƙashin zani, in ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Ta taho da gudu. In bari sai ta kawo haɓa kusa da gwiwata.

Surukata ta fito tana share ido da gefen mayafi, ta ce don Allah in bari haka, ko maƙiyi ba a yi masa wannan. Na ce ta koma ta duba tukunyarta. Ba ta san cewa bayan kowace la'asar sai na shiga ɗaki na juya fuska ga bango ba, ban kuma ga dalilin da za ta sani ba.

Sannu a hankali gudun ya zama tafiya, tafiyar ta zama tsayuwa daga nesa. Wata rana na kira, ta ɗaga kai kawai.

Da sanyi ya shigo likitan ya dawo, da motoci da raga. Ya shiga cikin garken da ƙunshin barsim yana kiransu a hankali. Wasu 'yan matasan barewa da ma'aikatan gonar suka saba ba su burodi suka nufo shi, aka ware su. Auta tana can baya, wuya a miƙe. Ya gane ta, ya juyo ya ce Hajiya ta kira ta da kanta.

Na gyara mayafi, na matsa bakin wayar da aka tare garken da ita, na faɗi kalmomin da muryar da ta sani tun tana cikin kwali. Kunnuwanta suka juyo. Ta yi wani tsalle, ta zura a guje zuwa ƙarshen katanga, garke ya bi ta. Likitan ya daɗe yana kallon ƙurar, sannan ya dubi hannuna ya ga ba komai a ciki, ya ce wa ɗana a bar wannan.

Har yamma ana lodi. Ban tsaya kallo ba.

Yanzu tana nan cikin 'yan kaɗan da suka rage, bayan waya. Ta haihu, 'yarta ba ta san warin hannun mutum ba. Kwanan baya ƙaramar jikata ta zo ta zauna a tabarmata, ta ce da gurguwar Hausarta in yi mata tatsuniya. Na buɗe baki, farkon ya ƙi fitowa. Sai na fara mata daga tsakiya.

Da la'asar nakan ɗauki 'yar kujerata in zagaya ta bayan dabinai. Nakan ɗebi ƙasa in saki, in ga inda iska ta nufa, kamar yadda na ga babana na yi, in zauna ta inda ba za ta kai mata warina ba. In na yi sa'a, takan yi kiwo har kusa da wayar kafin ta ankara.