Gurbin Yatsa a Bindigar Baba Tsoho

A ɗakin Inna, kakata, can Aujara, akwai bindigar toka rataye a saman murhu. Ta marigayi mijinta ce, Baba Tsoho, maharbin da ban riske shi ba amma na gaji alfaharinsa duka. Ba yaron da ban faɗa wa ta girmi zuwan Turawa ba. Hujjata kuwa, baƙa ce.

Bayan an ci tuwo mukan kewaye murhun, Inna tana gasa mana gyaɗa a toka. Ba ta ɓata lokaci wajen buɗe tatsuniya. "Ga ta nan," take cewa, "wanda bai shirya ba ya same mu a hanya."

Wadda ta fi maimaitawa ba Gizo ba Ƙoƙi a cikinta, abin da muke ɗauka ha'inci ne. Wai wani maharbi ya tafi cin rani a shekarar yunwa, ya bar wa matarsa 'ya'ya da bindigar da ya gada wurin ubansa. Rumbu ya ƙare. Matar ta ba wani fatake bindigar, ya ba ta damman gero. Da damina ta matso, tsoro ya kama ta, ta roƙi maƙeri ya ƙera mata irinta sak. Ya ƙera, ta shafe ta da man shanu, ta rataye ta a hayaƙi har ta yi baƙi ƙirin.

Maharbi ya dawo, ya ga 'ya'yansa cif, ba wanda ya ragu. Ya sauke bindiga, babban yatsansa ya nufi wuyan bindigar, inda hannun ubansa da nasa suka cinye icen ya yi gurbi. Ba gurbi.

"Sai ya kore ta?" in ji ƙanwata Sa'a, mai son a yi hukunci da wuri.

"Ke, uwar alƙalai, bari in ƙarasa. Sai ya ce, 'Kin kula da ita.' Kullum da yamma kuma ya zauna yana murza wurin da yatsa, shekara da shekaru, har gurbi ya fito."

"To, ya gane ko bai gane ba, Inna?"

"Gyaɗarku tana ƙonewa," take cewa. Iyakar ƙurunƙus ɗinta ke nan.

Bara, shekaru bayan rasuwarta, na gayyaci Malam Yohanna, abokin aikina mai koyar da tarihi a Dutse, ya zo ya duba min bindigar nan da na gada. Niyyata ya tabbatar da abin da na riga na yaɗa. Ya sa tabarau, ya juya ta, ya yi gyaran murya irin ta likita mai mummunan labari.

"Malam, bututun nan na famfo ne, ga layin haɗinsa. Tsohuwar ƙira ba ta da shi. Ƙusoshin ma na kanti ne. Kuma dubi baƙin, ko'ina daidai, har inda hannu ya kamata ya goge. Hayaƙi ne ya tsofar da ita."

Na ji ƙuruciyata tana zubewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tsaya, ya shafa wuyan.

"Wannan ne ban gane ba. Ba wuƙa ta fere shi ba. Yatsa ne, kuma ya daɗe yana yi."

Na karɓa, na sa nawa. Ya zauna daram.

Mahaifina yana cikin yaran da geron nan ya raya. Na yi shekaru ina koyar da yara bambanta gaskiya da kwaikwayo, ban lura ba Inna ta yi ta ba mu labarin kanta, daren duniya, tana zaune ƙarƙashin shaidar. Tambayar da ta ƙi amsawa kuwa, ina jin ita ma ba ta taɓa yi wa Baba Tsoho ita ba. Ba ta bukata.

"In rubuta maka ba ta asali ba ce?" Malam Yohanna ya tambaya a hankali.

"Rubuta abin da ka gani," na ce. Na mayar da ita kan ƙusarta.